Wace Bakandamiyar? Yadda Mutanen Rano da Kibiya Suka Zama Alƙalan Waƙa

Ba a tambayar tsohon ma'abocin rediyo a Rano ko yana son Bakandamiyar Shata. Wannan tambayar yara ce. Abin da ake tambayarsa shi ne wacce daga ciki, domin marigayi Alhaji Mamman Shata bai saba maimaita wannan waƙa tasa yadda ya yi ta jiya ba. Akwai wadda aka ɗauka a ɗaki rufe, murya tas, kowane kalangu ana jin bakinsa. Akwai ta filin wasa, inda guɗa da sowar jama'a ke cinye rabin baiti, amma mai waƙar yana kan ganiyarsa. Akwai ta ƙuruciya mai gudu, akwai ta manyanta wadda murya ta yi kauri, kiɗa ya lafa. A teburin mai shayi, ko a majalisar bayan la'asar a Kibiya, sai a cinye awa guda ana wannan musu, kuma masu yinsa manoma ne da direbobi da teloli da malaman firamaren da suka ajiye alli.

Musun nan ba daɗaɗɗe ba ne. Sai mutum ya iya jin waƙa ɗaya sau goma, ya ajiye ta ya ɗauko 'yar'uwarta ya gwada, sannan zai iya cewa wannan ta fi waccan. Kakannin waɗannan dattawa ba su samu haka ba.

Ba wai ƙasar ta rasa kiɗa ba ne. Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ne ma al'ada ke kira sarakunan baba saboda rini, kuma tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta tun zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Littafin ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka soma busa kakaki a Kano. Gari mai irin wannan tushe bai rabu da makaɗan fada da masu algaita da maroƙa ba, har bayan da Sarkin Rano ya zama ɗaya daga cikin manyan sarakunan da ke ƙarƙashin Kano. Sai dai kiɗan fada na sarki ne. Talaka yana jinsa ne daga nesa, ranar hawan salla ko ranar naɗi, yana tsaye cikin ƙura. Nasa kiɗan kuwa kowanne da lokacinsa da wurinsa: gangar noma ranar gayya, kalangun mahauta ranar kasuwa, kiɗan dambe da kokawa idan an kawar da amfanin gona, kalangun 'yan mata a dandali daren farin wata, kiɗan ƙwarya a cikin gida ranar biki ko suna. In makaɗi ya rataya gangarsa ya tafi, waƙa ta bi shi. Abin da ya rage sai gindinta a bakin yara, da 'yan baitukan da wani mai kaifin ƙwaƙwalwa ya riƙe.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa da na Kwara suka biyo shi, garmaho ya shigo cikin kayansu. Akwati ne da ake wanawa da hannu, a ɗora masa baƙin faifai mai juyi 78 a minti, a sauke allura. Faifan yana da nauyi, kuma in ya faɗi ya tafi ke nan. Babban aibinsa shi ne ƙarancin ciki: fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da 'yan kai. Waƙar fada kuwa ba a yi ta don gaggawa ba. Makaɗi zai kafa gindi, 'yan amshi su karɓa, ya jero asalin sarki da kakanninsa, ya ratsa ya yi wa 'yan sarki masu jiran gado zambo, ya dawo ya yi roƙo, ya sake komawa gindi. Duk wanda aka tsayar gaban na'ura a wancan zamani dole ya datse, ya zaɓi ɗiyan waƙar da suka fi tsada ya bar sauran. Kuma garmahon ma a karkara sai gidan hakimi, ko ma'aikacin En'e, ko attajirin da ya ci ribar gyaɗa.

Ba Hausawa kaɗai wannan matsi ya dama ba. A Turai akwai wani dogon kiɗa da ake kira simfoni, wanda makaɗa wajen ɗari ke haɗuwa su yi, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 ya yi tsawon da wani yakan haura awa guda. Gustav Mahler, ɗaya daga cikin gwanayensa, ya rasu a shekarar da jirgi ya iso Kano. Da aka ɗauki simfoninsa na tara a birnin Viyana a watan Janairun 1938, ƙarƙashin jagorancin Bruno Walter, sai da ya cinye faifai 10, fuska 20, wato mai sauraro ya tashi sau 19 yana juyi da canji. Sai da kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyi 33 a 1948, mai ɗaukar sama da minti 20 a fuska guda, sannan irin wannan kiɗa ya samu masoya da yawa a cikin gidaje. Masoyan nan har yau suna sayen sabuwar ɗauka ta kiɗan da suka riga suka mallaka sau biyar. Masu son Anton Bruckner kuwa, wanda ya yi ta gyara ayyukansa har ya rasu a 1896, rigimarsu ita ce wane gyaran ne na gaskiya. Da za a zaunar da ɗayansu a majalisar Kibiya a yi masa tafinta, ba zai ji baƙunta ba.

Abin da ya buɗe wa ƙasar Rano kunne da gaske rediyo ne, shi ma bai zo da wuri ba. Wanda aka kafa a Kano a 1944 na waya ne: ana jan ta daga tasha zuwa akwatuna a gidajen masu biya da lasifikoki a wuraren taruwa, inda wayar ta tsaya nan magana ta tsaya. Mutumin karkara, irin na Rurum, sai ya shiga birni zai ji. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ne Bello Dandago, wanda hedikwatar Rediyon Kano ke ɗauke da sunansa, da Isa Kaita suka riƙa watsa labarai da Hausa daga birnin Ankara na Gwalkwas, wato Gana ta yau. Sashen Hausa na BBC ya soma a watan Maris na 1957. Amma shekarar da ta sauya komai ita ce 1962, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyonta a Kaduna, daidai da yaɗuwar ƙaramin akwati mai aiki da batir. Ba ya son waya, ba ya son lantarki. Manomi ya kai gyaɗa sikeli, ya dawo da akwati a rataye, ya karkata allura zuwa mita 49, Kaduna ta shigo zaurensa.

Wa ya shigo tare da ita? Nan ne abin lura yake. Manyan muryoyin da Kaduna ta cika iska da su yawancinsu daga yamma suke, ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi da Katsina. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Musa Ɗanƙwairo na Maradun. Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi. Aliyu Ɗandawo. Sa'idu Faru. Mamman Sarkin Taushin Katsina. Ɗan'anace da 'yan dambensa, Shago a kan gaba. Sai Shata, haifaffen Musawa, wanda bai yarda ya zama na fada ɗaya ba. Cikin shekaru kaɗan aka wayi gari manomi a Tarai ya san sunayen fadawan Isa, ya san labarin Dokin Iska Ɗanhilinge na waƙar Narambaɗa, yana fassara wa ɗansa Sakkwatancin da bai taɓa zuwa ƙasarsa ba, alhali waƙar da makaɗin garinsu ya yi wa hakimin garinsu ba ta cikin kowane akwati. Ba a zaɓi waɗancan don son kai kawai ba. Gwanaye ne na gasken gaske, kuma duk wanda ya saurari yadda Narambaɗa ke ƙulla magana ya san ba a yi wa kowa rashin adalci da aka fifita shi ba. Amma na'ura tana da ƙafa ɗaya ne, inda aka kai ta nan take zuwa. Makaɗan ƙananan fadoji irin na kudancin Kano sun yi ta waƙa a gaban sarakunansu, suka tsufa suka mutu, ba su shiga wannan jeri ba.

Narambaɗa kansa da ƙyar ya tsallake. Ya rasu a daidai shekarun samun mulkin kai, kuma abin da ake ji na muryarsa ɗaukar ƙarshen rayuwarsa ce. Da na'ura ta yi jinkirin shekara goma, da sai dai labari.

Rediyon bai bar mai sauraro a zaune kawai ba. Shirin Zaɓi Sonka ya koya wa mutane cewa suna da ta cewa: ka sayi kati, ka rubuta sunanka da garinku, ka jero waɗanda kake gaisarwa, ka zaɓi waƙa. Ƙungiyoyin 'yan zaɓe suka tsiro a garuruwa da ƙauyuka, kowa da laƙabinsa, wasu suka yi suna a faɗin Arewa ba su taɓa riƙe makirfo ba. Jin an ambaci ƙauyenku daga Kaduna kafin a saki Shata wani abu ne da ake kwana ana zancensa.

Sai kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma shigarsa ƙauyukan Kano sai a shekarun 1970, kuma ya zo a kan gaɓa. Gwamnatin Audu Baƙo ta kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a maƙwabtan Rano, aikin noman rani ya buɗe ta wajen Kadawa da Kura da Bunkure, kuɗin leburanci da na tumatir da alkama suka shiga aljihun matasa. A farkon 1975 aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji. Rikoda ta zama abin da ango ke nema, abin da alhaji ke saukowa da shi daga jirgi, abin da ɗan ci-rani ke riƙowa in zai dawo gida gab da damina.

Abu uku kaset ya yi waɗanda faifai da rediyo ba su yi ba, kuma na ukun ne ya haifi musun Bakandamiya. Ya ba waƙa fili: kaset mai minti 90 yana ba da minti 45 a kowace fuska, makaɗi ya miƙe ƙafa yadda yake so. Ya ba mai sauraro iko: ba sai ya jira Kaduna ta ga dama ba, yana iya mayar da baiti baya sau bakwai har ya gane habaicin da aka ɓoye a ciki. Sannan ya mayar da kowa mai ɗauka. Duk inda aka gayyaci Shata, ko Garba Supa da kukumarsa, ko Haruna Uji da gurminsa, za a ga rikodoji jere a gaban makaɗa, kowa ya danna jan maɓalli. Wani kuma yana gida ya kafa tasa kusa da rediyo yana jiran a sako wadda ya daɗe yana nema, shi ya sa tsofaffin kaset da yawa ke farawa da guntun muryar mai gabatarwa. Da haka waƙa ɗaya ta zama goma. Shata kuwa, da yake a tsaye yake ƙirƙira, ba ya zaman bita da yaransa, kowace fita tasa sabuwa ce: ya ƙara garin da ya je, ya sako wanda ya yi masa kyauta a daren, ya ɗana wa wani abokin hamayya magana. Mai kaset biyu ya zama mai hujja biyu.

Sana'a ta tashi a kan wannan. Dillalan birni, irin na Ƙofar Wambai da Bata, suna buga kwafi, masu teburi da masu baro suna bin kasuwannin ƙauye da tashoshin mota da su. Kwafin kwafin kwafi ne, ga shi zafi da ƙura ba sa raga wa zare, don haka muryar da ta iso Kibiya takan zo da shuuu a bayanta, kalangu ya dushe, wani lokaci gudun ya ƙaru har Ɗanƙwairo ya koma kamar saurayi. Mutane suka koyi dabaru: juya zare da biro don a tausaya wa batir, ɗinke wanda ya tsinke da ɗan salatif, shanya batir a rana a ƙara matsar kwana ɗaya daga jikinsa. Wanda ya mallaki kwafi mai tsabta kuwa ba ya ba da aro. Sai dai ka kawo naka sabo a naɗa maka, kana zaune.

A wannan zamani ne kunnuwa suka goge. Mai son Ɗanƙwairo ba yabon sarakuna kaɗai yake bi ba. Yana sauraron yadda 'yan amshi ke tarbar magana tun jagora bai ajiye ta ba, su ƙarasa masa, su yi ƙari, muryoyi su hau kan juna ba tare da an yi karo ba. Mai son Narambaɗa yana bin azanci ne, yadda ake sassaƙa zambo har wanda aka yi wa ya yi dariya kafin ya gane da shi ake. Mai son Ɗanmaraya Jos yana mamakin yadda kuntigi mai tsirkiya ɗaya ke cika ɗaki. Mata ma suna da tasu majalisar da maza ba su cika lissafawa ba: rikoda a tsakar gida, ana surfe ko kitso, Barmani Coge tana faɗa wa kishiya da raggon miji abin da ba kowace mace ke iya furtawa da bakinta ba. Kaset ya shiga inda kulle ya hana makaɗi shiga.

Kamfanoni ba su ji daɗin wannan biki ba. EMI ta buga faifan Shata da na Ɗanmaraya, amma wa zai sayi faifai mai tsada alhali ga kwafi a kan baro? Zuwa wajejen 1990 manyan kamfanonin waje sun sayar da rassansu na Nijeriya: na EMI ya koma Ivory Music, na PolyGram ya koma Premier. Makaɗan Hausa ba su yi kukan da takwarorinsu na Legas suka yi ba, don ba daga faifai suke ci ba tun asali. Abincinsu yana hannun iyayen gida: riga, doki, mota, kujerar Makka. Kaset ɗin da aka sata talla ce, kuma attajirin da ya ji sunansa yana tashi a tashar Rano ya san kyautarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Wanda aka cuta da gaske shi ne mai sauraron gobe, domin kamfani ne ke rubuta shekara da wuri a jikin faifai, mai baro ba ruwansa.

Teburin mai kaset kuma bai taɓa zama na makaɗa su kaɗai ba. Gefe guda Shata, gefe guda tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da na Shaihu Ɗahiru Bauchi, da Ishiriniya, da Imfiraji na Aliyu Namangi, da wa'azin Izala bayan kafuwarta a Jos a 1978. Akwai gidajen da aka daina kunna kiɗa ɗungurungum. Akwai kuma dattawa da yawa da suka sasanta abin a ransu ba tare da sun nemi fatawa ba: karatu da asuba, Narambaɗa bayan isha'i, murya ƙasa-ƙasa.

Jami'a ta iso daga baya ta tarar da majalisa ta yi nisa. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da hanyoyin nazarin waƙar baka a Jami'ar Bayero, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006, Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi a kan Narambaɗa. Duk wanda ya taɓa zaman rubuta waƙa daga tsohon kaset ya san inda ake komawa idan wata kalma ta ƙi jiyuwa: wajen tsohon da ya saurare ta shekara arba'in.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a watan Yunin 1999. A shekarar da Shata ya rasu ne fim ɗin Sangaya ya fito, waƙoƙin fiyano suka mamaye gari, matasa suka juya wa kalangu baya na wani lokaci. Barmani ta rasu a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Dattawa suka ɗauka an gama. Sai ga wayar salula, wadda ta shigo a 2001, ta rikiɗe ta zama rikoda, memori ya maye gurbin kaset, 'yan turi suka kafa teburi da kwamfuta a inda masu baro suke tsayawa. Abin da mutum ya shekara ashirin yana tarawa a kwali yanzu ana tura masa shi kafin shayinsa ya huce. Masu sha'awa suna kwashe tsofaffin kaset suna ɗorawa a YouTube da Facebook, suna musayarsu a WhatsApp, lokaci-lokaci kuma a tono wata ɗauka da ba a saba ji ba, majalisa ta ɗauki zafi kamar an yi sabon sarki.

Sabuwar ɗauka ta wani fannin ita ce ta raba kan jama'a. 'Ya'ya da jikokin makaɗa suna rera waƙoƙin iyayensu, mawaƙan situdiyo suna ɗaukar tsohon kari su ɗora shi a kan fiyano, wasu kuma suna wanke tsohuwar murya da kwamfuta su cire mata shuuu. Dattawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma a kan fiyano suna da gaskiya: kalangu yana magana ne saboda hammatar makaɗi tana matsa tsirkiya tana saki daidai da hawa da saukar harshe, yana jiran mawaƙi, yana tsokanarsa, abin da kiɗan da aka ɗaura a kan agogon na'ura ba ya yi. A kan wankin murya kuwa sun cika tsanani. Shuuu ɗin ba na Narambaɗa ba ne, na kaset ne, kuma wanda ya saba da shi har yake kewarsa ƙuruciyarsa yake kewa. Illar da ta fi wannan girma ita ce ta suna: fayil yana yawo an liƙa wa waƙar Jankiɗi sunan wani, an yanke farko, an haɗa ɗauka biyu wuri guda, ba shekara, ba wuri, ba sunan ɗan amshi ko ɗaya.

Fadar Rano kuwa sai a wannan zamani ta samu na'urar da ta tsallake ta a zamanin Kaduna. A watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Gaya da Ƙaraye da Bichi, Tafida Abubakar Ila, Autan Bawo, ya karɓi sanda. Ya rasu a watan Mayun 2020, Kabiru Muhammad Inuwa ya gaje shi. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe masarautun, a watan Yuli kuma ta dawo da Rano da daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta. Cikin waɗannan shekaru biyar an yi naɗe-naɗe da hawan salla, an buga tambura an busa kakaki da algaita, maroƙa sun yi kirari, mawaƙan situdiyo sun yi nasu, kuma a kowane taro hannuwa ɗaruruwa ne a sama riƙe da waya. Ɗaukar tana da yawa, mafi yawanta gajera ce, mai rawa, iska na bugun makirfo, kuma tana warwatse a wayoyin da ake sayarwa ko a goge su idan wuri ya cika.